Hamid Mai Labule da Littafin Bahijja

A unguwar Zaitawa ta Kano idan ka ce kana neman Hamid, sai an tambaye ka wanne, domin a zuri'arsu kaɗai masu sunan suna da yawa. Amma da ka ce Hamid Mai Labule, ko tsohuwar da ke sayar da ƙuli a bakin lungu za ta nuna maka gidan, ta kuma ƙara maka da cewa, "Mutumin kirki, bai taɓa kushe kowa ba."

Kakan kakansa Balarabe ne. Ya ƙetaro sahara da ayarin raƙuma, ya sauke kaya a Kano, garin ya yi masa, ya yi aure ya zauna. Abin da ya rage wa jikoki daga wannan asali bai wuce hasken fata da dogon hanci ba, sai kuma iya alkaki a wajen matan gidan. Larabcin kuwa ya tsaya a na salla. Hamid ya yi allo, ya yi firamare, ya shiga sakandare ya fito da ƙyar, domin tun yana yaro idan ya buɗe littafi, kafin ya kai ƙasan shafi barci ya sace shi. Mahaifinsa, Alhaji Salim, bai tsaya jayayya da halitta ba. Ya ja shi shagonsa na Kantin Kwari, inda suke sayar da labule da zanin gado da darduma.

A shagon nan ne Alhaji Salim ya dasa masa ɗabi'ar da ta bi shi har furfura. Yakan ce masa, "Kada ka kushe kaya, kada kuma ka kushe idon mai saye. Wanda ya zaɓi labule ja da ruwan ɗorawa, shi zai wayi gari yana kallon abinsa, ba kai ba." Hamid ya riƙe wannan magana hannu biyu. Duk abin da mai saye ya ɗaga, sai ya ce, "Ya yi kyau." Matsalar ita ce bai bar maganar a shago ba, ya taho da ita gida. Idan gishiri ya zarce a miya, ta yi daɗi. Idan mai aski ya karkata masa gaban goshi, ya yi kyau. Har wata rana tela ya ɗinka masa riga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ya karɓa ya yi godiya, ya riƙa naɗe mai tsawon.

Matarsa Bahijja 'yar Soron Ɗinki ce, 'yar gidan malamai, kuma ita ce kishiyar halinsa a wajen karatu. Tun tana budurwa ba a raba ta da littafi, ko tuwo take tuƙawa akwai wani a kife kusa da murhu. Suka haifi Khalid da Hafsa da Maharazu, sai auta Ikram. Shekaru suka tafi a hidimar yara. Da manyan suka kama gabansu, gida ya yi mata faɗi, sai Khalid ya sayo mata babbar waya. Ba a jima ba ta fara rubuta labari a ciki, tana turawa wani zauren mata na WhatsApp babi-babi. Labarin wasu 'yan'uwa mata biyu ne da suka gaji injin markaɗe daga mahaifinsu, alhali ko gaisuwa ba sa yi da daɗin rai.

Matan zauren suna son labarin, amma abin da suke turo mata bai wuce hoton zuciya da na wuta ba, sai "Allah ya ƙara basira" da "a ci gaba don Allah". Bahijja tana son kunnen da zai gaya mata inda ta yi daidai da inda ta kauce. Saboda haka ranar Lahadi da hantsi, ranar da Hamid ba ya fita kasuwa, sai ta shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfa, ta kawo shayi da alkaki, ta karanta masa sabon babi. Shi kuma ya jingina da bango, ya lumshe ido. Idan ta kai ƙarshe ta ɗago, sai ya ce, "Ya yi daɗi."

Babin da aka yi dambe a bakin inji, ya yi daɗi. Babin da ƙaramar ta kwanta asibiti, ya yi daɗi. Bahijja ta fara zargin wani abu.

Wata Lahadi ta zauna kamar kullum, ta riƙe waya, amma a bayan wayar ta ɓoye wata takarda da masu tallan maganin gargajiya suka jefo a zaure. Ta gyara murya, ta sanyaya ta, ta fara jan kalmomi kamar mai karanta wasiƙar masoyi: "Yana maganin mai tsiro da marar tsiro. Yana kawar da kumburin ciki, da kasala, da yawan gyatsa. A sha cokali biyu a kunu, safe da yamma."

Ta yi shiru. Hamid ya buɗe ido, ya girgiza kai cikin gamsuwa.

"Kai, wannan babin ya fi na wancan makon. Allah ya ƙara basira."

"Basir dai, Baban Ikram," in ji Bahijja. Ta ajiye masa takardar a cinya, ta ɗauke farantin alkakin, ta shige ɗaki.

Ikram, wadda ke wanke-wanke a gefe, ta yi dariya har ta saki kofi a ƙasa.

Daga ranar karatu ya tsaya. Bahijja ba ta yi fushin da za a ce fushi ba, abinci yana zuwa a kan lokaci, gaisuwa lafiya lau, sai dai Lahadi ta zama ranar gugar kaya. Hamid ya yi mamakin yadda abin ya dame shi. Shi a ransa ya san ba kullum yake gyangyaɗi ba. Yana jin labarin, har akwai ranar da babbar 'yar'uwar ta ba shi haushi ya kasa cin abincin rana sosai. Amma idan aka ce ya faɗi abin da ya ji, sai ya laluba bakinsa ya tarar ba komai a ciki sai daɗi da kyau.

Yana da aboki tun na makarantar allo, Malam Abdulbaqi, wanda ke koyar da Hausa a wata sakandare. Kullum bayan la'asar yana zama a wata majalisa kusa da Ƙofar Kabuga, gefen mai shayi. Hamid ya hau babur ɗinsa ya same shi can, ya ja shi gefe kamar mai neman maganin wata cuta ta sirri, ya zayyana masa komai, har da takardar. Malam Abdulbaqi ya yi dariya har hularsa ta zame.

"To yanzu me kake so, mutumina?"

"Kalmomi nake so. Irin waɗanda kuke faɗa idan an karanta littafi."

Malam Abdulbaqi ya gyara zama, abin nema ya samu. Ya shiga jero masa: jigo, warwarar jigo, zubi da tsari, tauraro, miƙaƙƙen salo, ragon salo, salo mai armashi, salo mai karsashi. Hamid yana maimaitawa a bayansa kamar ɗan allo. A hanyar komawa gida ma yana ta bita a kan babur, har ya kusa wuce kwanar unguwarsu.

Ya yi ta lallashi kafin Bahijja ta yarda ta sake shimfiɗa tabarma. Ta karanta masa babin da injin ya lalace ana tsakiyar markaɗen biki. Ta gama, ta zuba masa ido. Hamid ya yi gyaran murya, ya kalli sama.

"To. Gaskiya zubi da tsari sun zauna. Warwarar jigo kuma ta yi armashi. Sannan akwai miƙaƙƙen salo, da ɗan ragon salo kaɗan."

Bahijja ta ajiye wayar a hankali. "Ragon salo? A ina?"

"A... wajen tsakiya."

"Ka san me ake nufi da ragon salo?"

"Ba mai laushi ba ne? Mai kwantar da hankali?"

"Rubutun da ba shi da kuzari ke nan, wanda ke sa mutum hamma. Wa ya ba ka aron waɗannan? Malam Abdulbaqi?"

Hamid ya sunkuyar da kai. Amma a wannan karon ba ta ɗauke alkakin ba. Ta dube shi, dattijo da furfura a gemu ya je ya yi hadda saboda ita, sai dariya ta ƙwace mata, shi ma ya taya ta.

Da ya koma Kabuga da ƙorafi, Malam Abdulbaqi ya amsa cewa shi ne mai laifi. "Kayan jarrabawa na ba ka, kai kuwa ba jarrabawa za ka zauna ba. Bari in tambaye ka. Idan mai saye ya ce maka 'Alhaji, kayan naka kuwa da sauƙi,' ta yaya kake sanin yabo yake yi ko gatse?"

"Ai a muryarsa ake ji."

"To shi ke nan. Rubutu ma murya gare shi. Ka daina neman sunan littafi, ka fara neman sunan muryar. Kuma ba a wurina za ka samu ba, ka saurari mutane."

Hamid ya ɗauki wannan da gaske fiye da yadda Malam Abdulbaqi ya yi tsammani. Ya shiga sauraron mutane kamar yau ya fara jin Hausa. A kasuwa ya lura cewa dillalin da ke kawo musu darduma daɗin baki yake yi, maƙwabcinsa mai atamfa kuwa zuga ce sana'arsa, kuma ba abu ɗaya ba ne. Ya lura akwai bambanci tsakanin mai gunaguni da mai ƙorafi: na farko da kansa yake, na biyu yana son a ji. Duk kalmomin nan ya san su tun yana yaro, bai dai taɓa ɗaukar su ya auna a kan wata magana ba.

Babbar makarantarsa kuwa ita ce yayarsa, Hajiya 'Yardada, wadda ke aure a bayan layinsu, kuma duk Zaitawa an san ba ta faɗar magana a miƙe idan akwai hanyar lanƙwasa ta. Wata rana ta shigo gidan, ta tarar da shi a tsakar gida. Ta kwana biyu tana ciwon ƙafa bai leƙa ta ba. Ba ta kalle shi ba, sai ta dubi kazar da ke tsattsage a gindin randa.

"Ke dai kin huta, kaza. Ba ki da ƙani balle ki sa ran zai zo duba ki."

Da can da sai ya ce, "Yi haƙuri, Yaya." Amma yau sai ya ɗago da fuska a washe.

"Yaya, don Allah wannan habaici ne ko shaguɓe?"

Hajiya 'Yardada ta tsaya da mayafi a hannu. "Me ka ce?"

"Wallahi tambaya nake. Na ga ba ki kama suna ba, to habaici ke nan. Amma kuma ina zaune a wurin, kin kuma san ina ji."

Ta juya wajen Bahijja. "Lafiyarsa ƙalau kuwa?"

"Karatu yake yi, Yaya."

"Madalla. Ka kyauta, Hamid. Ka ci gaba da zamanka, kada ka kuskura ka zo, ƙafar ma ai ba tawa ba ce."

"Wannan kuma gatse ne!" in ji Hamid da murna, kamar wanda ya tsinci abin da ya ɓata.

Sai da ta jefe shi da takalmi, amma tana dariya ta jefa. Washegari ya je ya duba ta da ledar lemo, ta zaunar da shi ta yi masa bayani da kanta, cewa gugar zana ita ce wadda za a shafe ka a wuce kamar ba da kai ake ba, baƙar magana kuwa amsa ce, sai ka taɓo ake ba ka ita. Ta ce duk wanda ya haɗa zolaya da izgili bai san mutane ba, domin zolaya da ƙauna ake yin ta.

Ya kai maganar habaici da shaguɓe majalisar Kabuga, aka yi ta musu har aka kira magariba ba a rabu ba. Wani tsohon direba ya ce duk ɗaya ne, mai shayi ya rantse ba ɗaya ba ne, Malam Abdulbaqi ya ce zai duba ƙamus, da ya duba kuma aka ƙi yarda da ƙamus ɗin. Har yau idan hira ta mutu a majalisar, wani yakan tayar da ita.

A gida kuwa Lahadi ta dawo da ranta. Hamid ya daina lumshe ido. Maganarsa ta farko da Bahijja ta ɗauka da muhimmanci ita ce ranar da ya ce, "Babbar nan, duk maganarta tsiwa ce. Ko ruwa za ta nema sai ta yi tsiwa. Ba ta gajiya? Ko Yaya 'Yardada tana saukowa wani lokacin." Bahijja ta koma baya a wayar tana dubawa, ta ce, "Ka san kuwa haka ne." A babi na gaba ta sa babbar ta yi wa ƙanwarta magana mai taushi sau ɗaya, a kan ɗaurin ɗankwali, matan zaure suka yi ta turo hoton kuka.

Daga nan bakinsa ya buɗe. Yakan ce wannan shafin yana sauri kamar ana korar sa, wancan kuma jan rai ne, an san abin da mutum yake son ji an ƙi faɗa. Yakan ce nan akwai kaushi, nan zaƙin ya yi yawa har yana ƙosarwa, nan kuma lami ne, an faɗi komai amma ba a ji komai ba. Wani lokacin ya dace, wani lokacin Bahijja ta ce masa bai fahimta ba, su yi ta ja-in-ja har shayi ya huce.

Sai aka zo babin da mahaifiyar 'yan'uwan nan ta rasu. Bahijja ta ci wahalar babin, ta kuma ji a ranta ba ta taɓa rubuta kamarsa ba. Ta sa sama ta yi duhu, ta sa 'ya'yan suna birgima a ƙasa suna kiran sunan uwar, zukata suna tsagewa, hawaye kamar ruwan Agusta. Ta karanta masa shi. Da ta gama, Hamid ya shiga jujjuya kofin shayinsa.

"Ina jin ka," in ji ta.

"Kururuwa ta yi yawa, Bahijja."

"Kururuwa? Uwa ce fa ta mutu."

"Na sani. Amma babin yana ta ce mini in yi kuka, in yi kuka, har na ji kamar ana ja mini riga. Ni kuwa da Hajiya ta rasu ba haka na ga gidan nan ba."

Hajiya Maryam, mahaifiyarsa, a gidan ta ƙare rayuwarta, kuma Bahijja ce ta yi jinyarta har ƙarshe.

"Washegarin rasuwar," in ji Hamid, "ina zaune a can bakin zaure, na ga kin dama kunu, kin zuba a kofinta mai murfi, kin ɗauka har ƙofar ɗakinta. Sai kika tsaya. Kin daɗe a tsaye da kofin a hannu. Daga baya kika juya kika koma kicin, ba ki ce wa kowa komai ba. Ni duk zaman makokin nan ban yi hawaye ba sai a lokacin."

Bahijja ba ta san ya gani ba. Ta kashe wayar, ta tashi, ta naɗe tabarmar tun yana kai sai da ya matsa. Ranar ba ta ƙara yi masa magana ba sai abin da ya zama dole. Hamid ya tafi kasuwa washegari yana cewa a ransa da ya sani ya yi shiru, mahaifinsa ai ya san abin da yake faɗa.

Ana nan, wata safiya yana shirin fita, ta tare shi a bakin ƙofa da waya a hannu, ta ce ya tsaya. A tsaye ta karanta masa. Ta cire duhun sama, ta cire tsagewar zukata. Ta sa ƙaramar ta tashi da safe ta auna gero na kunun mutum uku kamar kullum, ta kai bakin inji, sai babbar ta dubi kwanon, ta ɗebe kaɗan ta mayar a buhu, ba wadda ta ce uffan. Birgimar kuwa ta bar ta, sai dai ta rage.

"Birgimar fa?" in ji Hamid.

"Tana nan. Akwai masu birgima a duniya, Baban Ikram, ba kowa ne ɗan gidanku ba."

Ya yarda da wannan. Ya goge idonsa da bakin hannun riga, ya ce ƙura ce, ya tura babur ya fita.

Kamar yadda aka saba da wanda ya koyi abu da girma, Hamid ya zarce. Ya fara yi wa komai sharhi. Ya ce sanarwar ɗaurin auren da aka yi a masallaci akwai kambamawa. Ya ce wa Maharazu saƙon da ya turo na neman a aika masa kayan abinci makaranta lallashi ne da ɗan rainin wayo a ƙarshe. A wajen wata walima, wani dattijo daga dangin Bahijja ya yi dogon jawabi, aka tambayi Hamid yaya ya ji, ya ce farkon da karsashi amma tsakiyar ta yi ta kewaye. Ashe ɗan dattijon yana bayansa. Sai da Bahijja ta je Soron Ɗinki da kanta ta ba da haƙuri.

Da ta dawo ta kafa masa doka. A waje, bakinsa alaikum. A gida kuma, kowane babi magana biyu kawai zai yi, ɗaya ta abin da ya zauna, ɗaya ta abin da bai zauna ba. Ya ce biyu ta yi kaɗan. Ta ce to ɗaya. Ya ce biyun ta isa.

Labarin injin markaɗe ya ƙare, aka buga shi littafi, Hamid ya ajiye kwafi a shago a saman dardumai, ko da yake har yau bai iya wuce shafi ɗaya da idonsa ba tare da hamma ba. Matan zaure suka ji labarin mai gidan da ake karanta wa babi kafin a turo. Wata mai suna Safiya, wadda ita ma take rubutu, ta roƙi Bahijja ta karanta masa nata. Daga ita sai wata, sai wata. Yanzu sukan karanta da muryarsu su turo wa Bahijja, ita kuma ta tura masa. Idan ka je shagonsa da rana lokacin da kasuwa ta lafa, za ka same shi a kan darduma da abin sauraro a kunne, yana gyaɗa kai ko yana yamutsa fuska. Amsarsa ta hannun Bahijja take komawa, ita kuma takan rage mata kaifi a hanya. Masu saye kuwa har gobe duk labulen da suka ɗaga ya yi kyau, domin ya ce wannan maganar shago ce, ba ta canzawa.

A bara ne wani saurayi mai suna Zaharaddeen, mai sana'ar haɗa sola, ya fito neman Ikram. Kafin manya su shiga maganar, aka ce ya zo ya gaida mahaifinta. Ya zo da yamma cikin shadda mai sabon guga, ya durƙusa a zaure, ya fara jero gaisuwa da addu'o'i da kalmomin girmamawa, ɗaya na bin ɗaya ba numfashi. Hamid ya saurara har ya kai aya, sannan ya ce masa ya zauna sosai.

"Ni kuwa batirin gidan nan ba ya kai mu ko'ina. Me ke kawo haka?"

Yaron ya ɗan yi turus. Sai ya tambayi girman batirin da abin da ake kunnawa. Hamid ya faɗa masa. Zaharaddeen ya ce, "Baba, ai firjin ne. Wanda ya haɗa muku bai yi muku adalci ba, amma ba sai an sayi sabo ba." Ya shiga bayani da hannu da ka, ya manta da shaddar, har ya zana wayoyin da yatsa a kan tabarma. Ya nemi izini ya leƙa inda batirin yake, ya fito da ƙura a gwiwa.

Bayan ya tafi, Hamid ya shiga cikin gida. Bahijja tana tsinke zogale, Ikram kuma ta laɓe a bayan labulen ɗaki, ƙafafunta a waje.

"To, yaya ka gan shi?" in ji Bahijja.

"Magana nawa aka ba ni?"

"Biyu, kamar kullum."

Hamid ya zauna a kan turmi. "Gaisuwar hadda ce. Wani ne ya tsara masa, ina jin har bita ya yi a hanya, na san alamar. Wannan shi ne abin da bai zauna ba."

"Wanda ya zauna fa?"

"Da ya shiga maganar batiri, muryarsa ta sauko ta zama tasa. Ba zuga, ba daɗin baki. Ya ce an cuce mu, amma bai zagi wanda ya yi aikin ba, bai kuma nemi ya sayar mini da komai ba."

"Wato dai?"

"Wato a gaya musu su turo manyansu."

Ƙafafun da ke bayan labule suka ɓace, aka ji ƙarar gado kamar an faɗa kansa. Bahijja ta ture masa tiren zogalen gabansa, ta ce tunda bakinsa ya gama aiki, hannunsa ya kama. Aka sa biki bayan Babbar Salla, Hajiya 'Yardada ta karɓi aikin alkaki, ta kuma aiko a gaya wa ƙaninta kada ya wahalar da kansa ya kawo sukari, ita da yawun bakinta za ta haɗa. Hamid ya aika da sukarin a ranar.